Ƙaramin Madubin da Kakana Ya Zaɓa

Duk lokacin da na shaƙi ƙamshin fatar da aka shafa wa man shanu, sai hankalina ya koma zauren kakana a Dakoro, a shekarun farko bayan tafiyar Nasara. Ina yarinya ƙarama, ko lakwal, wato makarantar boko, ba a sa ni ba.

Kakana mai shanu ne. Da ruwan farko ya sauka, garkensa kan yi arewa da makiyaya, shi kuma ya hau raƙumi ya bi su, ba ma sake ganinsa sai an fara yankan gero. Tun daga nesa yake gane shanunsa, da ƙaho da yanayin tafiya. To, sai ido ya fara yi masa gardama. Wata ranar kasuwa ya tsaya yana yaba wata saniya, yana tambayar mai ita, ashe tasa ce. Labarin ya riga shi isa gida. Babana da ƙanensa suka zauna, suka ce bana tsoho ba zai yi arewa ba.

Tun daga ranar kakana ya daina tsokanata. Fura ma sai ya kurɓa ya ture.

Baffana, ƙanen babana, shi ke kai hatsi Nijeriya ya komo da kaya. A wata dawowa ya zo da madubin hangen nesa guda biyu, ya ce wani abokin fataucinsa ya ba shi, a zaɓi ɗaya a mayar da ɗaya. Na farko ƙato ne, baƙi, cikin gidansa na fata mai sheƙi, irin wanda aka taɓa gani a wuyan kumandan, Baturen mulki. Na biyu kuwa bai wuce tafin hannun babba ba, fentinsa ma ya ɗan goge. Kowa a zauren ƙaton yake shafawa. Babana ya ce in har tsoho ya iya tantance shanunsa da shi daga kan tudu, to, ya janye maganarsa.

Washegari da hantsi muka hau tudun rairayin da ke bayan gari, har da kakata da sandarta. Gajimare ya fara taruwa a gabas, iska na kawo ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri. Can nesa shanun gari na barin rijiya, ni dai ƙura kawai nake gani. Ƙaramin madubin yana hannuna don ba wanda ya kula shi. Ta baya ma nake leƙawa, ina dariyar yadda babana ya koma kamar ɗan tsako.

Kakana ya rataya ƙaton, igiyar ta ja wuyansa ƙasa. Ya ɗaga shi da hannu biyu, hannuwan suka ɗauki karkarwa. Ya daɗe yana fama, ya sauke, ya huta, ya sake ɗagawa.

"Shanun nan rawa suke yi," in ji shi a hankali.

Babana ya sunkuyar da kai. Na ga bai so abin ya zama haka ba. Kakata ce ta yi magana.

"Malam, wanga na mai zama kan kujera ne. Kai da za ka wuni bisa raƙumi, wuyanka nawa?"

Kakana ya cire shi ya miƙa wa baffa, ya juyo wajena. "Amarya, ara mini naki."

Ya juya shi daidai, ya murɗa ɗan abin da ke tsakiya, ya kafa shi a ido. Hannu ɗaya ya riƙe shi da shi, ɗayan yana kan kaina. Can sai na ji yatsunsa sun danna mini kai.

"Ga jar nan mai karyayyen ƙaho. Ga uwarta a baya. Baƙar kuma ɗingishi take, ƙafar hagu ta gaba, wa ya bar ta ta taka ƙaya?"

Baffa ya duba da ƙaton, ya daɗe yana nema, sannan ya fashe da dariya. Ɗingishi take yi kuwa. Kakana bai saurari kowa ba, ya ci gaba da lissafo su ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu magana kamar suna jinsa. Da ya gama ya jefa madubin a aljihun riga, ya riga mu sauka. Ranar ƙwaryar fura biyu ya sha.

Kakata ta ɗinka wa madubin ƴar jaka daga fatar akuya, ta shafe ta da mai. Da ita ya yi arewa a daminar, da wasu daminun bayanta. Ranar da ya daina tafiya arewa, shi ya faɗa da bakinsa, ba wanda ya sa shi.

Yanzu hanyoyin da ya bi duk gonaki sun matse su, makiyayi kuma daga daji yake aiko hoton saniya ta salula. Ni ma na tsufa a Maraɗi, ƴaƴana suna cewa hanyar Dakoro ta fi ƙarfina. Nakan saurare su har su gama. Bana ma na riga na aika wa direba ya ajiye mini kujerar gaba.