Kunnen Hagu na Baba Masawudu

To ku ajiye wayoyin nan tukuna, in ba ku labarin Baba Masawudu, maƙwabcinmu na hawa na tara a nan unguwar Thamesmead ta Landan, Allah ya jiƙan sa. Shi ne dattijon nan da in an gaishe shi sai ya juyo da gefen hagu. Ba girman kai ba ne. Kunnen dama ya mutu tun yana saurayi, kuma jirgin ƙasa ne ya cinye shi.

Ɗan zango ne, mutumin Gana. Tun gemu bai fito ba ya shiga aikin katako a kurmi, inda ake sare manyan itatuwa. Can akwai wani ɗan jirgi mai jan gungume, suna ce masa Karkatacce. Da fari wuta yake zuba masa, daga baya ya zama direba.

Shi wannan jirgi, in ji Baba, ba irin na fasinja ba ne. Tukunyar ruwansa an ture ta gefen hagu, injin kuwa duk an jera shi a dama, ƙarafa uku a tsaye suna sama suna ƙasa kamar mata uku a turmi ɗaya. Su ke murza wani dogon ƙarfe mai haƙora, shi kuma ya murza ƙafafun gaba ɗaya. Shi ya sa yake hawan tudun da wani jirgi ba ya ko kallo. Guntayen itace yake ci. Ruwa kuwa, in an iso rafi sai a jefa tiyo ya sha. Bututun hayaƙinsa mai ƙaton kai ne kamar tulu, da raga a ciki don kada tartsatsi ya kama daji. Ga ƙara kamar zai tashi sama, amma mai sauri a ƙasa sai ya wuce shi. Direba a dama yake zama, kai a waje, daidai saman injin. Shekara takwas. Kun ga inda kunne ya tafi.

Da manyan motoci suka shigo aikin, aka kwashe layin dogo, aka bar Karkatacce a kurmi. Baba ya ce zuwansa na ƙarshe, itace ya tsiro ta inda yake zama.

Daga nan sai Landan, shara a tashar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har ƙarfi ya ƙare. Matarsa Awabu, ƙawata ce, ta san kan mijinta. In abinci ya nuna ta zo ta hagu. In mita za ta yi, sai ta zagaya dama ta zazzage abinta. Labarin jirgin kuwa ba ta taɓa yarda ba.

“Alhaji, jirgi mai haƙora? Yana goge baki da asuba?”

“Ke dai ba ki gani ba.”

“To wa ya gani? Kai kaɗai da birai.”

Sai ya yi dariya, ya hau buga mata kukan jirgin da yatsu a kan tebur, da sauri da sauri.

Bara waccan likita ya ce kunnen hagun ma yana tafiya, ba zai kai baɗi ba. Baba ya fito, suka hau bas. Ya ce wa 'yarsa Nusrat, abu ɗaya yake so, ya ƙara jin kukan jirginsa kafin a rufe ƙofar kunnen.

Yarinyar kirki, ta yi booking ɗin tikiti, ta kai shi wani wuri bayan gari inda Turawa ke tayar da tsofaffin jirage. Ya sa babbar riga. Jirgi ya taho da hayaƙi, fuf, fuf, a hankali. Baba ya kara kunne, ya daɗe, sai ya girgiza kai.

“Wannan ba shi ba ne. Wannan numfashin mai kuɗi yake yi.”

Wuri uku ta kai shi. Duk ba shi ba. Awabu ta ce, “Ku bar wahalar da yarinya, abin da babu shi ina za a samo?” A dama ta faɗa, amma ya ga bakinta.

Kafin azumi kunnen ya rufe ɗif.

Bayan salla sai ga Nusrat a guje da waya, ina zaune a flat ɗinsu. Ta samo bidiyon wani jirgi a wata ƙasa mai nisa, karkatacce, ga haƙoran, ga tulun a ka. Baba ya riƙe wayar. Ya kara ta a hagu. Ya kara a dama ma, Allah sarki.

“Yana kuka?”

Nusrat ta ɗaga kai alamar eh.

Sai ya ajiye wayar, ya rufe ido, ya hau buga tebur. Wallahi yatsunsa da kukan da ke fita daga wayar, ko ɗaya bai saɓa ba. Mu muna jin biyun, shi ba ya jin ko ɗaya.

Awabu ta tashi, ta zagaya ta hagu yadda ta saba, ta sunkuya daidai kunnensa ta ce, “Gaskiyarka ne, Alhaji. Yana da haƙora.”

Bai juyo ba. Yana ta bugun tebur.