Garin Masarar da Na Zuba wa Saniyar Baffa

A shekarata ta biyu a jami'a, babin da ya fi ba ni wuya shi ne na folisakarayid, wato dogayen sarƙoƙin sukari irin su sitaci da selulos. Malaminmu sauri gare shi, sai na koma bin laccocin bidiyo a waya. Daga gidanmu a Tumfure zuwa cikin gari tafiya ce mai tsawo, don haka a cikin keke-napep na kalli yawancinsu.

Ban taɓa ganin fuskar mai laccar ba, sai hannunsa da alƙalami. Wata safiya ya zana sitaci da selulos, ya ce tubalinsu ɗaya ne, ɗaurin ne ya bambanta. Na sitaci yana da saurin kwancewa. Na selulos, wanda ke cikin ciyawa, ko saniya ba da kanta take kwance shi ba, ƙananan halittun da ke tumbinta ne ke yi, a hankali. Sai ya ƙara da cewa idan saniyar da ta saba da ciyawa ta ci gari mai yawa a lokaci guda, halittun sukan mayar da shi tsami cikin sa'o'i. Cikinta ya kumbura, ta yi zawo, ta riƙa tangaɗi, kafin kwana biyu tana iya mutuwa.

Sau uku na mayar da wurin baya. Har muka wuce inda zan sauka ban lura ba.

Shekara biyu kafin nan, mahaifina, wanda muke kira Baffa, yana da saniya ɗaya a bayan gida, ita kaɗai ta rage daga garken gidansu. Wata ranar damina da ya yi tafiya, na manta kusan rabin buhun garin masara a tsakar gida, ruwa ya jiƙa shi. Tsoron faɗa ya sa na juye wa saniyar duka a baho, da ta cinye na wanke bahon. A ganina ma gata na yi mata. Washegari, ranar da Baffa ya dawo, cikinta ya kumbura, ta yi zawo, tana tangaɗi. A rana ta biyu ta mutu kafin a kawo wuƙa.

A makon ne maƙwabcinmu ya yi wa gonarsa feshin magani, kuma ya sha yin ƙorafi cewa saniyar na shigar masa shuka. Baffa ya haɗa biyun. A ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya ce masa, "Allah ya isa." Tun daga ranar ba su sake gaisawa ba. Ni ma na yarda guba ce, har na daina gaida matarsa.

Na koma gida ban shiga aji ba. Na samu Baffa a zaure yana gyara igiya.

"Uwata, yau boko ya tashi da wuri?"

Na durƙusa na gaya masa. Na fara da abin da na ji a waya kan sitaci da tumbi, ya ɗaga hannu.

"Bar wannan. Gari nawa?"

"Kusan rabin buhu."

"A lokaci guda?"

"E, Baffa."

Ya ajiye igiyar. "Sai da wani ya gaya miki a waya? Kakarki ba ta san bihim ba, amma ko tsaba ba ta bari saniya ta ƙoshi da ita." Ya sake ɗaukar igiyar. "Ni da aka haifa a ruga, na ga cikin nan a kumbure, ban tambayi kowa abin da ta ci ba. Na riga na zaɓi mai laifi."

Na ce zan je da kaina in ba maƙwabcin haƙuri.

"Ke kika ce masa Allah ya isa?"

Da aka yi sallar la'asar, ina tsaye a bakin ƙofa, na hango Baffa a ƙofar masallaci ya tsayar da mutane kafin su watse. Ban ji abin da ya faɗa ba. Na dai ga ya miƙa wa maƙwabcin hannu biyu. Maƙwabcin ya daɗe yana kallon hannayen, takalminsa ɗaya a ƙafa ɗaya a ƙasa, sannan ya karɓa.