Shafin da Bai Jira Malam Sambo Ba

Zuhura ɗiyar Malam Sambo ce, wani manomin albasa a Bakolori. Tana aji uku a jami'a idanunsa suka fara dushewa, kafin ta gama kuwa inuwar mutum kaɗai yake gani. Shi ya sa da ta sami aiki a wani ƙaramin kamfani mai gina wa hukumomi shafukan intanet, ta zaɓi ɓangaren da ba kowa ke so ba: gyara fuskar shafi yadda makaho, da mai rawar hannu, da wanda bai yi boko ba za su iya amfani da shi.

Shekara biyu tana wannan aiki aka kawo musu shafin rajistar manoman rani. Duk wanda bai shigar da sunansa da gonarsa ba, ba ruwa, ba taki. Malam Sambo da ya ji, abu ɗaya ya roƙa.

"Ɗiyata, ki yi shi yadda ni da kaina zan sa sunana. Na gaji da a riƙa kama mini hannu."

Ta yi manyan maɓallai guda uku kacal. Ta ɗauki muryarta tana karanta kowace tambaya. Da yake ta san dattijo ba ya amsa wa wanda bai gaishe shi ba, sai ta buɗe da sallama da "ina wuni, ina gajiya, yaya iyali". Don tsaro ta sa shafin ya rufe kansa in an yi minti biyu ba a taɓa komai ba, kamar yadda aka saba. Da yatsunta masu sauri ta gwada, ya yi daidai.

Ranar Juma'ar ƙarshe kafin a rufe rajista ya kira ta daga gida.

"Zuhura, kin gaishe ni, ina cikin amsawa kin tahi."

"Baba, ba ni ba ce, waya ce. Ba sai ka amsa ba."

"Murya taki ce. Ya za a yi ki gaishe ni in yi shiru?"

Sau huɗu ya gwada. Kowane karo sai ya amsa gaisuwar har ƙarshe, ya tambayi aiki da mutanen ofis, ya sa albarka, sannan ya laluba maɓalli, ya tarar an rufe. Gyaran layi ɗaya ne a tsarin shafin, amma sai shugabanta ya sa hannu, shi kuwa sai Litinin, bayan an rufe rajista.

Ranar Asabar Ɗanasabe, ƙanen Malam Sambo, ya tafi wurin masu cika wa mutane rajista a Talata Mafara da takardun gonar. Gudun kada gonar ta rasa ruwa, ya cika rajistar da sunan kansa da lambar wayarsa. Ba cuta ya nufa ba, kuma ko kwandon albasa ɗaya bai riƙe ba. Amma daga ranar Malam Sambo ya daina cewa a kai shi gona. In an tambaye shi yaya albasa, sai ya ce a tambayi mai ita. Da damina ya rasu.

Zuhura tana nan kan aikinta. Ba ta cire gaisuwar ba. Shafukanta yanzu jira suke yi, in shiru ya yi yawa muryarta ta ce, "Ina nan, Baba, ba gaggawa." Dattawan Bakura da Maradun suna amsa mata. Ita dai ba ta iya sauraron wurin nan, in an zo gwaji sai ta rage sautin ta dubi taga.