Alhamis ɗin da Clarrie Ya Ƙi Rufe Kiɗa

Shekara goma sha tara ke nan, duk ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, Clarrie Maddock yakan ajiye tsohuwar motarsa a gindin mangwaron gidan kula da tsofaffi da ke bayan garin Katherine, ya rataya jitarsa, ya shiga yana ɗingishi. Tsohon direban bas ne, muryarsa kuma ba wata ta a zo a gani ba ce, shi ma ya sani. Ba lasifika, ba waya. Kujerar roba ce a baranda da kofin shayi mai sukari uku, sai tsofaffi a jere cikin kujerunsu masu taya. Kafin ya taɓa tsirkiya sai ya tambaya ko an yi rashi a dangin wani, domin a wajenmu in mutum ya rasu ana ajiye sunansa, ana ajiye waƙarsa, sai dangi sun ce a ɗauko.

A wannan watan Clarrie ya ajiye kiɗa, hannu ya ƙi. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da ya yi a daminar bara, tunda shi ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

A gidan akwai Gwaggo Noreen, mai shekara tamanin da bakwai. Zuciyarta ta yi rauni, amma bakinta lafiya lau. Ƙanenta, wanda ni ma ba zan kama sunansa ba, ya taɓa haɗa wata waƙa a kan kogin garinsu tun yana kiwon shanu a wata babbar gonar kiwo can cikin daji. Da ita Clarrie ke rufe kiɗa kowane mako, ƙarfe sha ɗaya daidai, tsohuwar tana bi da leɓe.

Ran nan yana kashe mota wayarsa ta yi ƙara. Terrence ne, ɗan ƙanen nata.

"Kawu Clarrie, tsoho ya rasu da safen nan."

Clarrie ya riƙe sitiyari.

"Muna hanya ni da su Inna, amma ruwa ya hau kan gada, sai ya janye. Don Allah kada Gwaggo Noreen ta ji a bakin kowa. Mu ne za mu zauna a gabanta mu faɗa mata."

In ya kaɗa waƙar, ya ta da muryar mamaci a gaban yayarsa tun gawa ba ta huce ba, abin da ba a yafewa da wuri. In ya ƙi kaɗawa, ya gaya mata ke nan, shi bare, ga ta ba dangi ko ɗaya a kusa, ga zuciya a lalace. Ya yi tunanin ya juya gida. To amma in babu kiɗa rediyo ake kunna musu, rediyon yankin kuwa ba ya ɓoye sanarwar rasuwa. Ya fito, ya raɗa wa Litia, ma'aikaciyar jinya, abin da ake ciki.

"Me za ka yi in sha ɗaya ta yi?" ta tambaye shi.

"Ban sani ba, 'yar nan. Wallahi ban sani ba."

Ya zauna ya fara. Gwaggo Noreen ta ƙare masa kallo ta saman tabarau.

"Kai yaro, yau kuma wa ya koro ka? Ji gumi kamar wanda ya saci akuya."

"Zafi ne, Gwaggo."

"Zafi! Shekara sittin da takwas kana garin nan, yau ka san da zafi?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi yaƙe. Idonsa na kan agogon bango, kowane minti kamar ana zare masa jijiya. Sai da saura minti biyar dabara ta zo masa, ita ma ba wata dabara ba ce: waƙar ta rufewa ce, to ba zai rufe ba.

Sha ɗaya ta wuce yana kaɗawa. Ya yi na coci, ya yi na makiyaya, ya tono waɗanda rabonsa da su tun yana saurayi. Sha biyu aka kawo kifi da dankali, Litia ta sa aka ci a baranda. Wasu suka yi gyangyaɗi, wani tsoho ya ce a mayar da shi ɗaki, kansa ya ɗau zafi. Yatsun Clarrie dama sanyin ƙashi ya riga ya cinye su, likita ya ce kada ya wuce awa ɗaya. Wajen ƙarfe ɗaya gaɓoɓin suka kumbura, fatar ɗan manuni ta tsage, tsirkiya ta fara santsi. Kai, ranar Clarrie ya ga ta kansa. Duk motar da ta wuce a titi sai ya waiga, ba ta su Terrence ba ce.

"To, malam mai jita," in ji tsohuwar, "an ƙoshi. Ba ni tawa in je in kwanta."

"Ban gama ba, Gwaggo."

"Yau aure ake yi? Na ce ka ba ni ta ƙanena."

Ya sunkuyar da kai kan jitar. Tsoro ne tsagwaronsa, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da birki ya tsinke masa da fasinja cike da mota. Bai yarda ya ɗago kai ba, don ya san idonsa zai tona shi.

"Saura kaɗan," ya ce. "Ban kai ƙarshe ba tukuna."

Ta dubi fuskarsa, ta dubi jinin da ke jikin itacen jitar, ta daɗe tana duba. Litia ta matso a hankali ta tsaya a bayan kujerarta, hannu a kan ƙararrawar kiran likita. Clarrie yana jiran ihu, ko abin da ya fi ihu.

"Litia," tsohuwar ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "juya ni in fuskanci ƙofar shigowa." Aka juya ta. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Ci gaba da kaɗawa, ɗana. Kada ka tsaya."

Haka suka zauna minti hamsin, ita tana kallon ƙofa, shi yana kiɗa yana kuka ba sauti. Ba ta tambaya ba, bai faɗa ba. Biyu da kwata wata mota ta shigo, laka har gilashi. Terrence da mata uku suka sauko, suka zo suka zauna a ƙasa a gaban kujerarta, suka kama hannuwanta. A nan Clarrie ya ɗora tafinsa a kan tsirkiya. Da kukan ya tashi, akwai masu riƙe ta.

Clarrie, kai ne ka tsaya tsakanin tsohuwa da mugun labari har masu haƙƙin faɗa suka iso. Ba ka yi mata ƙarya ba, ba ka taka al'adar mutane ba, kuma duk wannan a tsorace ka yi shi, na sani. Hannunka na hagu bai sake dunƙulewa daidai ba tun ranar, ka lallaɓa shekara guda da yatsu uku har abin ya gagara. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba, sai dai ka ce jitar ce ta tsufa. Mun gode, Clarrie. Allah ya saka, ya sassauta maka ciwon nan.

Ku kuma masu jita a ƙarƙashin gado tana shan ƙura, ba ku da hujja. Ba a neman gwani, mai zuwa ake nema, wanda zai san tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya, ya san danginsu. Gwaggo Noreen tana nan da ranta, kuma ta ba da saƙo ga duk wanda zai karɓi Alhamis. Ta ce ya kaɗa abin da ya ga dama, ko bai iya ba za ta haƙura, amma don Allah ya tashi a kan lokaci. In kiɗa ya wuce ƙarfe sha ɗaya, sai ta fara lissafin dangin da suka rage mata.