Sai Da Damina

Shekara bakwai ke nan da teku ya ci mahaifina, Malam Garba direban tifa, kuma har yau unguwar Zongo ta Kwatano ba ta gama dariya ba.

Ɗan Argungu ne, a bakin gulbi ya girma, inda ruwa ke hawa sau ɗaya a shekara. Wata uku da saukarmu Kwatano aka tura shi ɗebo yashi. Ya tarar teku ya ja baya, ya shiga da mota har kan danshi, tayoyi suka kafe. Masunta na ta yi masa ihu da yarensu. Wani Bahaushe mai lodi ya ce, "Malam, fito, ruwa na dawowa!"

Baba ya ce, "Haba ɗan'uwa, a tsakiyar rani? Sai da damina."

Ya shige ƙarƙashin motar yana tono. Igiyar ruwa ta farko ta kwashe yashi, mota ta zauna masa a ƙafa. Sauran igiyoyin ba su yi gaggawa ba. Sai da ruwan ya sake janyewa aka ciro mana shi.

Rashin sani ya fi dare duhu, amma duhun wani abin nishaɗin wani ne. Kafin sadakar arba'in, maganarsa ta ƙarshe ta zama ba'a a tasha da ƙofar masallaci.

Da zai dawo yau, da ya tarar Dahome ta koma Benin, kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya. Da ya tarar da ni a aji, inda aka zana mana a allo cewa wata ne ke jan ruwan teku, sau biyu kullum, kuma jan ya fi ƙarfi in yana sabo. Baba kuwa shi ke fara hango jinjirin wata a duk inda muka zauna. Ya nuna mini shi da yatsa kwana biyu kafin rasuwarsa, yana murna. Ko me zai ce?

Wurin da motar ta kafe ma babu shi. Teku ya haɗiye gaɓar, har da kwakwar da nake shaida wurin da ita.

Makon jiya a kasuwar Tokpa na tambayi wata mai tebur yaushe sukari zai dawo kasuwa. Ba ta san ko ni 'yar wa ce ba. Ta karkace baki, ta ja maganar irin ta mutanen Kabi: "Sai da damina, 'yata!" Maƙwabtanta suka kwashe da dariya.

Hotonsa babu, tifar ta zama tsatsa. Kalma uku ce ta rage, da karin harshensa a ciki. Sai na yi kamar ban ji ba, na sake tambayarta.