Masallacin da Aka Hana wa Yaɓe

A Wagini na tashi, a hannun kakata Tabawa, zamanin da Turawa ke rangadi a kan doki. Bayan isha'i takan tara mu gindin murhu, ta tura gyaɗa cikin toka, ta ce da ni, "Matso nan, maigida, ragon miji." Ni kuwa gyaɗar ke kawo ni.

Akwai tatsuniyar da ta fi yi mana, har muka gaji da ita. Wai wani magini ne ya gina masallaci, ya jera azara ya tanƙwaro bakan gizo na ɗaukar rufi, rufin ya tsaya ba ginshiƙi. Da ya gama sai ginin ya yi magana, ya ce zai tsaya muddin ana ciyar da shi ƙasa kowane rani. Mukan yi dariya, mu ce ina bango ya ga baki?

Sai da na yi wayo na gane masallacin shi ne kangon da ke hanyar gonarmu, maginin kuma kakanta ne. Gari ya tashi daga wurin tun zamanin yaƙi, rufi ya zube, saura bakan gizo ɗaya da alƙibla. Duk da haka, in an gama girbi, maza kan kwaɓa ƙasa, mata su ɗebo ruwa, a yi masa yaɓe.

Wata shekara wani Bature ya biyo, kangon ya burge shi ƙwarai. Ya ce kayan tarihi ne, kada a ƙara sa masa hannu sai ya dawo da masana. Dagaci ya sa aka yi shela, aka kewaye wurin da ƙaya. Bature bai dawo ba. Kaka ta dogara sandarta har ƙofar dagaci, ta roƙa a bari a yi yaɓe, ya ce mata, "Inna, ni ma umurni aka ba ni."

Daga nan in ana ruwa sai ta kasa kunne wajen gona. Muna kallo bango ya tsage, azara ta fito fili, ranar nan bakan gizon ya zauna ƙasa. Na roƙe ta tatsuniyar don in faranta mata, ta ce, "Mai maganar ya rasu, maigida. Da yunwa muka bar shi."

Yanzu na tsufa, abin yana ci mini rai. Baturen nan ba mugunta ya yi ba, so ne, sai dai bai tambayi kowa abin da ginin ƙasa ke rayuwa da shi ba, mu kuma ba mu da bakin gaya masa. Ban taɓa jin an ɗage dokar ba. Tsibin ƙasar yana nan, har yau ba mai taɓa shi.