Zaren Ja da Fari a Huanshi Lu

A shekarata ta biyu a Guangzhou zama ya gagare ni. Karatun haɗa magunguna ya kai ni daga Kano, amma da na buɗe littafi sai in ji kamar an shuka ƙaya a kujerar. In fita, in hau bas, in sauka inda ban yi niyya ba, in dawo da ƙafa. Don in sami hujjar yawon nan na fara yi wa 'yan kasuwarmu tafinta a ranakun hutu. Wanda na fi bi wani Alhaji ne ɗan zangon Kumasi, mai aika kaya gida daga wani ɗan ofis a Tianxiu. Ga ƙiba, ga kyauta, ga surutu, kuma tun da yake bai taɓa sayen abu guda ɗaya ba.

A kasuwar zare na fara ganin matar, ranar da na raka Alhaji. Baturiya ce doguwa, ta haura arba'in, tana tsaye gaban wani mai shago tana nuna zaren ulu, ja da fari. Sinancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, amma duk abin da ta faɗa sai mutumin ya kaɗa hannu ya ce meiyou, wai babu. Akwai mana, ga shi jibge a bayansa, shi dai katan yake sayarwa, ba ƙulli ba. Abin ya ƙona min rai, ni da ba ruwana. Na ce masa, laoban, wato maigida, yanzu Alhajin nan ya kwashi kaya a shagonka, ka ba ta ko mu sauke. Ya ba ta yana ƙunƙuni, ita kuma ta ce sai na zo gidanta na sha shayi.

'Yar Romaniya ce. Ta auri wani Basine da ya yi karatu a ƙasarsu, ta biyo shi, aiki kuma ya jefa shi wani gari, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Gidanta na wani lungu a bayan titin Huanshi Lu, hawa na sama, ba lif. Mutanen ƙasarsu a garin ba su da yawa, injiniyoyi ne da matan aure da wasu 'yan saye da sayarwa, kuma ita ce shugabarsu duk da ba wanda ya zaɓe ta, ba wanda yake biyan ta. Ita ke bin su a waya ɗaya bayan ɗaya, ita ke dafa musu tuwon masararsu, wanda wallahi da za a sa masa miyar kuka ba mai ganewa. Ranar Lahadi ta tara yaransu ta koya musu waƙa da rawa a falon da bai kai zauren gidanmu ba. Anti nake ce mata, da Sinanci muke hira.

Duk wannan hidimar, ashe saboda mutum ɗaya take yi. Tana da 'ya mai shekara goma, kuma yarinyar ta daina yin yaren uwarta. Tana ji sarai, amma a yi mata magana da Romaniyanci ta amsa da Sinanci. Ga kaka can a ƙauyensu a Romaniya, ta tsufa, ba ta jin wani yare sai nata. In an sami layi da kyar aka miƙa wa yarinyar kan waya, sai ta riƙe shi ta yi shiru, tsohuwa na ta kiran sunanta har a karɓe. Anti ta ce min, “Uwata ba za ta daɗe ba. So nake ta ji muryar jikarta da harshen da za ta gane, ko sau ɗaya.”

Zaren nan shi ne dabararta. A ƙasarsu, ranar ɗaya ga Maris, ana murza ja da fari su zama igiya siririya, a ɗaura wa wanda ake ƙauna. Martsishor suke ce masa. Mutum zai yi ta yawo da shi a hannu har ranar da ya ga bishiyar farko ta yi fure bayan sanyi, sannan ya kwance ya ɗaura mata. Ni da na ji zancen ɗaure-ɗaure na tambaye ta kai tsaye ko laya ce. Ta yi dariya ta ce a'a, barka ce kawai da an ga bayan sanyi. Duk da haka samfurin da ta ba ni a jakata na ɗaura shi, ban sa a hannu ba.

Murzar kuwa aikin mutum biyu ne. A ƙulla ja da fari baki da baki, kowa ya riƙe ƙarshensa ya ja da baya, a yi ta murzawa har zaren ya yi tauri, sannan a haɗa ƙarshen biyu a saki tsakiya, ya nannaɗe kansa. Haka ta yi da uwarta tana ƙarama, suna ƙirga suna waƙa. Ta sa ran in suka tsaya su biyu da zare a tsakaninsu, bakin yarinyar zai buɗe ba ta sani ba.

Alhaji ya ga abin a jakata ya tambaya, na ba shi labari sama-sama. Ya kwance shi ya jujjuya, ya sa a aljihu, ya ce zai dawo min da shi.

Lahadin ƙarshe ta Fabrairu aka ware don murza. Lokacin laima ne, bango na zufa, wanki ba ya bushewa. Falon ya cika, an ja kujeru gefe, yarinyar ta karɓi nata bakin zaren tana zumɓura baki, amma dai ta karɓa. Sai muka ji haki a matakala. Alhaji ne cikin babbar riga, bayansa ɗan dako da katan a kafaɗa. Ya sa aka farke shi a tsakiyar falon. Martsishor ne fal, aikin inji, kowanne da ledarsa, sumul, har da ɗan geza mai ƙyalli. Ya dube ni, da Hausarsa ta zango da ba ruwanta da mace ko namiji, ya ce, “Ɗiyata, ka gaya masa ba sisinsa a ciki. Mu ma baƙi ne a garin nan.”

Na fassara, ya zan yi. Mutane suka hau tafi, kowa na dumbuza. Yarinyar ta leƙa katan, ta dubi uwarta, ta ce da Sinanci, “Mama, shi ke nan ai, an huta.” Ta saki bakin zaren ya faɗi ƙasa, ta koma gaban talabijin. Anti ta yi wa Alhaji godiya kamar yadda ya kamata, har da zuba masa shayi. Ni kaɗai na ga ta sunkuya ta tsince zaren daga ƙasa.

A matakala na tare shi. Na ce, Alhaji, wa ya aike ka? Komai sai katan? Ban taɓa yi wa babba magana haka ba, amma raina ya ɓaci sosai. Ya tsaya yana share zufa, ya ce a garinsu in maƙwabci na biki buhu ake kai masa, ba a kai mudu, ina laifinsa? Na bayyana masa abin da zaren yake nufi a wurin Anti. Ya ce to ya koma ya ɗauke? Na ce ya bar shi, an riga an buɗe.

Washegari ko aji ban shiga ba. Na zaga Huanshi Lu ya fi a ƙirga kafin na hau gidan. Na same ta ta ɗaura bakin zare a mariƙin ƙofa tana murzawa ita kaɗai, katan na nan a lungu. Na kwance zaren daga ƙofar na riƙe. Ni kuwa ban iya ba. Ina murzawa gefen da bai kamata ba, abin na warwarewa, in na gyara ya cukurkuɗe. Anti na ƙirga da yarensu, ni ina tsaki da nawa. Yarinyar na gaban talabijin, amma na lura wuyanta na juyowa. Da na ɓata na uku ta miƙe fuu, ta fizge zaren daga hannuna, ta ce min ba haka ake yi ba. Da Sinanci ta faɗa, kuma har suka gama ba ta ce uffan da wani yare ba. Abin da suka murza ya fito a karkace, wani wuri kauri wani wuri siriri. Uwar ta ɗaura mata shi.

Ranar ɗaya ga Maris suka fito gaba ɗaya, ni ina biye. To, Guangzhou ba ta san jira ba. Ko ƙarshen lungun ba mu kai ba sai ga bishiyar nan ta garin mai kama da rimi, ta yi jajir da fure. Aka yi dariya, kowa ya kwance nasa ya ɗaura, masu aljihu cike da na katan suka yi ta rataya wa rassan har ta koma kamar rumfar ɗan koli. Abin da ake jira wata guda ya ƙare kafin shayi ya huce. Anti ta ce min a hankali, “Kin gani ko, nan ba abin da za a jira.”

Yarinyar dai ba ta kwance nata ba. Uwar ta nuna mata reshe, yarinyar ta maƙe kafaɗa, ta ce wannan ba bishiyarsa ba ce.

Da yamma aka nemi layin ƙauye, aka yi ta fama kafin ya shiga. Anti ta gaisa da uwarta, sannan ta miƙa kan wayar kamar kullum, ta juya ta nufi kicin don ba ta son ganin shirun. Yarinyar ta riƙe, tana jan zaren hannunta da ɗan yatsa. Can sai ta yi magana, gajeriya, tana tuntuɓe, da harshen da ban taɓa ji a bakinta ba. Anti ta tsaya cak a ƙofar kicin, ta ba mu baya.

Na matsa kusa na ce, Anti, me ta ce?

Ba ta juyo ba. Ta ce, “Tambaya take ko bishiyar ƙofar gidanmu ta yi fure.”

Na ce, to me kaka ta ce?

“Ta ce da saura, ƙanƙara ba ta narke ba. Ta ce ta sake kira ta tambaya.”